Kanta ta Uku

A shagona na Kakuri, kanta ta uku daga sama,
nan maganin hawan jini ke zama,
farin kwali mai jan layi, ƙwaya talatin a ciki.
Yau ba komai a wurin
sai shatin da kwalayen suka bari a jikin katako.

Ranar Talata Lawali ya iso daga Maraɗi
da jakar bakko da takarda mai ninki huɗu,
sunaye goma sha bakwai, rubutun likita da Faransanci.
Ya ce, Hajiya, abin da nake sayen ɗaya da shi a can
uku yake ba ni a nan.
Sefa ta yi ƙiba, naira ta rame.
Bai ce a rage ba, ban ce albarka ba.
Na tuna kuɗin haya,
na tuna janareta mai kwankwaɗar mai kamar raƙumi a rijiya,
na tuna Talle da aka koro daga makaranta,
sai na sa hannu biyu na share kantar tas.

Ranar Alhamis ga Baba Yashim.
Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙa,
ƙarar inji ta tafi da kunnensa na hagu.
Ba ya riƙe sunan maganin,
tsohon kwalin yake zuwa da shi a aljihun gaba,
ya ɗora min a kan tebur
kamar mai cigiya da hoton ɗansa.

Babu.
Gaɓa biyu ce kacal,
amma ta fi katan ɗin ruwan allura nauyi a bakina.
Ya karkato kunnen dama, ya ce, me kika ce?
Dole na sake faɗa, da ƙarfi,
har mai cajin waya na gefe ya ɗago kai.

Na kira dillalina na Kano,
Kano ta ce kaya suna Legas,
Legas ta ce suna kan ruwa,
ruwa ya ce a tambayi dala.

Baba ya je Barnawa, ya je Sabo,
ya haye gada har Kasuwar Barci.
Kuɗin keke ya cinye rabin kuɗin magani.
Jikarsa ta ce yanzu da reza yake zama,
yana raba ƙwayoyi huɗun da suka rage gida biyu,
yana lasar garin da ya zuba a tafin hannu.

Daren Juma'a saƙon murya ya shigo.
Wata tsohuwa ce, Hausarta irin ta can,
numfashi na yanke mata magana:
'yata, jirin ya sake ni, na yi sallah a tsaye,
Allah ya yi miki albarka.
Sau biyu na saurara.
Ban san inda zan ajiye addu'ar ba.

Wa zan kira ɓarawo?
Lawali da ya kwana a mota don mutum goma sha bakwai?
Ko hannuna da ya ƙirga kuɗin har sau uku?
Iyaka layi ce da wani ya ja da biro,
jini ba ya tsayawa a buga masa hatimi kafin ya hau.

Jiya kwali shida suka zo, a farashin da ba zan faɗa ba.
Na zare biyu, na rubuta Yashim a jiki,
na tura ƙarƙashin tebur, bayan kwalbar man zafi.
Saura huɗu a kanta ta uku, suna kallon ƙofa.

Lawali ya bugo da safe.
Talata yana tafe.
Ya ce sunayen sun zama ashirin da uku.